A Auna Irin Ayu Tun Yana Nan

Shekaru huɗu da suka wuce na zuba 'ya'yan tarwaɗa dubu biyu a kwamin siminti guda biyu da na gina a bayan gidana a Samaru. Wurin wani mai ƙyanƙyasa da aka yaba mini na sayo su. Ranar da aka kawo su cikin jarkoki, ruwan ya yi baƙi ƙirin don yawansu, duk wanda ya leƙa sai ya ce ma sha Allah. Ba su cika wata biyu ba na fara tsintar masu karkataccen baya, wasu kai ya fi jiki, wasu kuma ci suke yi kamar gara amma ba girma. Da wata cuta ta shiga ruwan, cikin kwana shida ta share fiye da rabi. Sai daga baya wani yaron mai ƙyanƙyasar ya faɗa mini cewa shekara da shekaru iyaye ɗaya ake juyawa a wurin: a haɗa 'ya da wanta, jika ma a haɗa ta da ɗan'uwanta. A ƙidaya kifi dubu biyu na saya, a jini kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne.

Kawuna da ke noma a wajen Soba ya zo ya tarar da ni ina kwasar matattu da kwando. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗan nan, ai ko dawa ba a cika gona da iri ɗaya. Kaura a nan, farafara a can. In damina ta ƙi ɗaya, ɗayar ta ciyar da gida." Na ce, "Haka ne, Kawu." Bai taɓa shiga aji ba, amma abin da ya faɗa a bakin kwamin nan shi ne ginshiƙin wani fannin ilimi da ake kashe wa maƙudan kuɗi a duniya yanzu, wato auna bambancin ƙwayoyin gado a jikin dabbobin teku da ke gab da ƙarewa. Ni kuwa ra'ayina shi ne Najeriya ta shiga wannan aiki da hannunta, kuma mu da ke nan Zariya, tafiyar yini guda cur daga bakin teku, muna da rabo a ciki fiye da yadda muke zato.

Maganar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowane mai rai yana gadon ƙwayoyin halittarsa kashi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In ɗayan yana da naƙasu, sau da yawa lafiyayyen yakan rufa masa asiri. Shi ya sa mai AS yake rayuwarsa lafiya lau, amma in ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai amosanin jini ya san dalilin da ya sa yanzu iyaye ke cewa a yi gwaji kafin a sa rana. To, dabbar da ta ragu ta koma 'yan ƙalilan ba ta da zaɓin miji ko mata. Duk wanda ta haɗu da shi ɗan'uwa ne, naƙasun da ke ɓoye sai ya riƙa haɗuwa da irinsa yana fitowa fili: ƙarancin haihuwa, mutuwar jarirai, raunin garkuwar jiki. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda ya fi dadewa bai nuna kansa ba, shi ne in yanayi ya sauya, ruwa ya ƙara ɗumi ko sabuwar cuta ta zo, ba a samun 'yan tsirarun da jininsu ya ɗan bambanta har su tsira su ci gaba da zuriya.

Dattawanmu sun ga wannan da idonsu a 1975, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a faɗin Arewa, ta ƙarasa abin da fari ya bari na dalar gyaɗa. Abin da ya taimaka daga baya shi ne wasu tsofaffin irin gyaɗa na manoman yankin Burkina Faso da Kwaddibuwa masu jure cutar, waɗanda masu bincike suka yi ta haɗawa da wasu har aka fitar da sababbin iri, ciki har da jerin SAMNUT na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke nan Samaru. Da waɗancan manoman sun watsar da irin kakanninsu, da ba a sami abin haɗawa ba. Gyaɗa ana iya ajiye irinta a ɗakin sanyi shekaru. Dabbar teku kuwa ba ta da rumbu sai jikin 'yan'uwanta masu rai.

Akwai wata ƙatuwar dabba mai shayarwa a gaɓar tekun Amurka da Meziko, namijinta yana da hanci mai kama da na giwa. A ƙarni na 19 an yi ta kashe ta don kitsenta, ana narkawa ana zuba wa fitila, har aka ɗauka ta ƙare. Ashe wasu 'yan kaɗan, da ake ƙiyasin ba su kai ɗari ba, sun fake a tsibirin Gwadalupe. Meziko ta hana taɓa su a 1922, suka yi ta hayayyafa, yau sun haura dubu ɗari nesa ba kusa ba. Wanda ya tsaya a bakin ruwa yana ƙirga kawuna zai ce magana ta ƙare. Amma a 1974 wasu masana biyu, Bonnell da Selander, suka duba jininsu a gurabe 24 na ƙwayoyin gado, ba su sami bambanci ko a gurbi ɗaya ba. Garke ne mai cika ido, amma kamar tarwaɗata yake. Har yanzu suna nan lafiya, kuma ina yi musu fatan ɗorewa, sai dai abin da aka rasa a shekarun kisan nan bai dawo da dawowar yawansu ba.

Shi ya sa masu wannan ilimi ba su tsaya ga jimillar dabba ba, sukan nemi adadin waɗanda a zahiri suke zuba jininsu a zuriya mai zuwa. Makiyayi ya fi kowa gane wannan: shanu ɗari da bijimi ɗaya ba daidai suke da shanu ɗari da bijimai goma ba. A dabbobin daji da na ruwa, wannan adadi na gaske yakan zama kusan kashi ɗaya cikin goma na waɗanda ido ke gani, a wasu kifaye ma ƙasa da haka ƙwarai. Tun 1980 aka kawo ma'aunin da har yanzu ake aiki da shi, cewa in masu haihuwar gaske suka gaza 50 ana cikin haɗari na kusa, in suka gaza 500 kuma iri yana zubewa a hankali. A watan Disambar 2022, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan halittu da aka yi a Montiriyal ta Kanada, ƙasashe kusan ɗari biyu, har da tamu, suka amince su riƙa kula da bambancin ƙwayoyin gado, kuma wannan adadi na 500 yana cikin abin da za a riƙa ba da rahoto a kansa. Mun sa hannu. Wanda ya sa hannu a kan zai auna abu, ai sai ya nemi mudu.

Na san abin da mai karatu zai ce, don an faɗa mini a majalisa ba sau ɗaya ba: "Malam, mutane na fama da tsadar masara da 'yan bindiga, kai kana maganar jinin dabbar teku?" Tambaya ce ta gaskiya, ba na raina ta. Amma a je layin masu kifin ƙanƙara a kasuwar Sabon Gari a ga yawan gidajen da miyarsu ta dogara da abin da aka kamo a teku, a kuma tambayi matan da ke saye yadda farashin ya koma. Ƙananan kifayen gaɓar Afirka ta Yamma, waɗanda talaka ke ci, yanzu masana'antu a Muritaniya da Senegal da Gambiya suna niƙe su su zama abincin kifin kiwo da dabbobi a wasu nahiyoyi. Gwajin ƙwayoyin gado shi ke nuna ko kifin da ake kamawa a ƙasashe uku garke ɗaya ne mai yawo ko garkuna ne daban-daban, kuma ba a iya raba rabon kamu da adalci sai an san wannan. Sannan ruwan Kubanni da ke wucewa ta bayan jami'a, Galma yake faɗawa, Galma ta shiga kogin Kaduna, Kaduna ta shiga Neja, Neja ta zube a Tekun Atilantika. Robar da muka jefa a kwata da maganin feshin da ya wanke daga fadama, can suke ƙarewa. Allah Ya faɗa a Suratur Rum cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, kuma hannun mutumin tudu yana kaiwa teku ko bai taɓa ganinta ba.

Amma hujjar da ta fi kama ni ita ce ayu.

Ayu dabbar teku ce da ta shigo har cikin harshenmu. Ana samunsa daga gaɓar Senegal har Angola, a bakin teku da cikin dazukan ruwan gishiri, sannan ya biyo manyan koguna ya hauro, ya shiga Neja har Mali, ya shiga Binuwai. Ciyawar ruwa yake ci, ba ya cutar da kowa, sai ya ɗago hanci ya shaƙi iska ya koma. Macen takan yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa guda, ta shayar da shi tsawon lokaci kafin ta sake ɗaukar wani. Dabba mai irin wannan jinkirin haihuwa ba ta jure kisa. Mu kuwa mun san abin da ake yi da shi: nama, fata, da man ayu da masu maganin gargajiya ke tallarsa a lasifika, ana danganta masa abubuwan da ba sai na faɗa ba. Dokar ƙasa ta hana kashe shi, kuma tun 2013 aka sa shi a jerin farko na yarjejeniyar CITES, wato an haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Duk da haka kwalabe ba su bar kasuwa ba.

Ga inda awo ya shigo. An gama madatsar Kainji a 1968, daga baya aka yi ta Jebba a ƙasa da ita. Ayu ba ya tsallake bangon kankare. Waɗanda suka kwana a saman madatsa ranar da aka rufe ta, su da zuriyarsu sun rabu da 'yan'uwansu na ƙasa fiye da shekara hamsin ke nan. Haka na saman madatsar Lagdo a Kamaru, a kan Binuwai. Haka na tabkuna irin Pandam a jihar Filato, waɗanda sai ruwa ya yi ambaliya suke haɗuwa da babban kogi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zama kamar kwamina na bayan gida, ruwa rufaffe da 'yan'uwa a ciki. Masunci zai iya ce maka ya ga ayu bara, amma ba zai iya ce maka ko waɗanda suka rage 'ya'yan uwa uku ne ko na uwa talatin ba. Gwaji ne kaɗai zai faɗa. Kuma amsar tana sauya abin da ya kamata a yi: in jininsu na da faɗi, tsaro ya wadatar, in ya ƙuntata, sai a fara tunanin yadda za a haɗa su da na wani ruwa, in kuma na kogi sun daɗe da bambanta da na bakin teku, to ba a kwaso na Legas a zuba a Yawuri da sunan taimako.

Aikin ma ya yi sauƙi fiye da da. Ba sai an kama dabba ba. Duk mai rai a ruwa yana zubar da ɓurɓushin jikinsa, fata da majina da kashi, kuma DNA ɗinsa, wato ƙwayoyin gadonsa, na ciki. Ana ɗiban ruwa a kwalba, a tace, a kai ɗakin gwaji, a gane wace dabba ce ta ratsa wurin kwanan nan. An gwada wannan a kan ayu a Kamaru ya yi aiki. Da irin wannan hanya ake neman kifi mai zarto, wanda bakinsa ya miƙe da haƙora gefe da gefe. Duk ɗan kasuwar da ke zuwa Maraɗi ya riƙe hotonsa a hannu ba tare da ya sani ba, don tambarin da ke jikin kuɗin sefa siffarsa ce. A da ya cika bakin kogunan Afirka ta Yamma, har mutanen Akan na Gana da Kwaddibuwa suka ƙera ma'aunin zinariya da kamanninsa. Yau ganinsa a yankin ya zama abin labari. Ya kusa ƙarewa a wurinmu kafin a auna shi, abin da nake jiye wa ayu ke nan.

Gwajin yana kuma kama mai laifi. A farkon shekarun 1990 wasu masana biyu, Scott Baker da Stephen Palumbi, sun sayi naman manyan dabbobin teku da ake kira wel a kasuwannin Japan, aka yi gwajin farko a ɗakin otal, suka wallafa sakamakon a 1994: akwai naman nau'in da aka daɗe da haramta kamawa. Abin da aka yi da nama a Tokiyo ana iya yi da ƙyallen fata ko busasshen nama a kasuwanninmu, a san ko na ayu ne da gaske, har a iya kusantar sanin daga wane ruwa ya fito, in dai an riga an tara bayanan kowane ruwa.

Dole in faɗi inda wannan ilimi ya tsaya, don ban yarda da masu ɗaukarsa maganin komai ba. A wani lungu na tekun Meziko akwai wata 'yar ƙaramar dabba mai shayarwa da ake kira bakita, ma'anar sunan ƙaramar saniya. A 1997 an ƙiyasta su kusan 570. Yanzu kusan goma ne suka rage. Ba farautarsu ake yi ba, raga ce da ake kafa wa wani kifi mai suna totoba, wanda ake sayar da jakar iskar cikinsa da tsada a Sin, take riƙe su a ƙarƙashin ruwa har numfashi ya ƙare. Da suka ragu haka, wasu suka fara cewa a haƙura, auren dangi zai ƙarasa su ko an cire raga. A 2022 aka wallafa binciken cikakken tsarin ƙwayoyin gado na guda 20 daga cikinsu, sakamakon ya ba da mamaki. Bambancinsu kaɗan ne ƙwarai, amma da yake dubban shekaru suka yi suna 'yan kaɗan, munanan naƙasun sun riga sun tace sun fita. In aka daina kafa ragar, suna da kyakkyawar damar farfaɗowa. Awo ya kashe bakin masu cewa a haƙura, ya nuna inda laifin yake. Amma awo ba ya shiga jirgi ya ciro raga. Wannan aikin hukuma ne, da kuma samar wa masunci wata hanyar ci, don mutumin da yaransa ke jiran abin da zai kawo ba zai naɗe kallinsa saboda takardar bincike ba. Haka zai kasance a Neja da Binuwai. Duk shirin da bai zauna da Sarkin Ruwa da masuntansa ba, bai tanadi diyyar ragar da ayu ya yaga ko shinkafar fadamar da ya ci ba, a takarda zai ƙare.

Saura tambayar wa zai yi aikin. An saba baƙo ya zo da jirgi, ya ɗebi samfuri, ya tafi da shi, mu karanta labarin ruwanmu a mujallar da sai an biya dala kafin a buɗe. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 an yi ta ne don a daina haka, ƙasar da aka ɗebi halittarta ta san da zancen, ta kuma sami rabonta. Amma yarjejeniya ba ta amfanar wanda ba shi da ɗakin gwaji da ƙwararru. Muna da su. A garin Ede na jihar Osun, cibiyar da Farfesa Christian Happi ke jagoranta ita ta fara karanta tsarin ƙwayar cutar korona a duk Afirka, a watan Maris na 2020. Injin da ya karanta ƙwayar cuta zai karanta ayu. Akwai cibiyar binciken teku a Legas, akwai ta kifin ruwan daɗi a New Bussa, a bakin Kainji ɗin kanta. A 2023 an kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku. Kasafinta bai kamata ya ƙare a tashoshin jiragen ruwa da kwantena ba. A ware wani abu, ko kaɗan ne, na tattara samfuri da adana shi a cikin ƙasa.

Zariya kuwa garin iri ne. Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ake tara irin dawa da gyaɗa da auduga a Samaru. A Shika aka fitar da kazar nan Shika Brown, a can ake nazarin jinin Bunaji da Rahaji da Bokolo. Akwai likitocin dabbobi, akwai masu nazarin kifi, akwai ɗalibai da ke neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Sannan akwai abin da mai zuwa daga waje ba shi da shi: da yawa daga masuntan da ke kan Neja da Binuwai, daga Yawuri har Ibi, da Hausa ake magana da su. Ɗalibin da zai durƙusa ya gaida tsohon masunci, ya ce "Baba, ina ne ayu ke kiwo da damina?" zai sami amsar da ba a ba mai tafinta. Kwalabe, abin tacewa, ƙanƙarar ajiya da kuɗin mota, da su ake fara wannan aiki. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ma su amfana, don ɗakin gwajin da zai duba ayu zai iya duba iyayen kifinsu, ya gaya musu lokacin da ya kamata su sauya jini. Ni dai tun bayan asarar nan ba na sayen 'ya'yan kifi sai na tambayi inda uwar ta fito da inda uban ya fito.

Watan jiya na tsaya wurin wani dattijo mai kayan magani a Tudun Wada, na ga 'yan kwalabe a gefen tabarmarsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, wannan na ayu ne?" Ya ce shi ne, daga wajen Yawuri wani yake kawo masa. Na tambaye shi ko ana samu kamar da. Ya girgiza kai ya ce, "Ina fa, ɗana. Da can duk bayan wata biyu yake zuwa. Bana sau ɗaya na gan shi, kuma ya ce wanda suka samu ɗin ma ƙarami ne, bai gama shan nono ba."